Mangwaron Sabiru

Iskar farkon damina ce ta kayar da shi, wata Laraba bayan la'asar, kuma ruwan da aka yi wa duk wannan hayaniyar ko ƙasa bai jiƙa ba. Asama'u tana tsakar gida tana kwashe shanya ta ji ƙarar, doguwa kamar ana yaga sabon yadi, sannan ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarta. Ba ta tambayi kowa ba. Ta zube kayan a bakin rijiya, ta bi ta ƙofar baya ko mayafi babu, ta tarar da mangwaron kwance a gonar da aka share ana jiran shuka, saiwoyinsa a sama, ga rami a inda ya yi shekara da shekaru a tsaye.

A ƙauyukan nan na bayan Bici, inda gona take manne da katangar gida, kowa da itatuwansa, kuma itace faɗuwa yake yi, ba abin zaman makoki ba ne. Amma wannan Sabiru ne ya shuka shi.

Sabiru ɗan farin Asama'u ne. Yana ƙaramin yaro wani direban babbar mota da ya tsaya gyaran taya a bakin titi ya ba shi mangwaro guda. Ya shanye, ya ƙi yar da ƙwallon, ya zo ya binne shi a bayan gida inda ruwan wanke-wanke yake fita. Da itacen ya fara 'ya'ya sai ga abin da ba a sani ba a yankin: babu zare, ƙwallo siriri, zaƙi har kusa da ɓawo. Aka yi ta karɓar ƙwallayensa ana binnewa gida-gida, amma duk wanda ya tsiro sai ya fito da wani hali daban, wani tsami, wani zare sai ka ce igiya. Shi kaɗai ne irinsa. Sai aka bar shi da sunan mai shi, mangwaron Sabiru.

Ita kuwa Asama'u irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, in ya faɗi ya fasa gwiwa sai ta kau da kai ta bar kakarsa ta lallashe shi. "Yaron nan" take ce masa, ko "kai". Masu cewa al'ada ce mai kyau sun faɗi tasu, sai dai ba su faɗi inda uwa za ta kai son da ta haɗiye ba. Ita dai wajen itacen ta kai nata. Ita ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ita ta riƙa ba shi ruwa da rani bayan mai shi ya manta da shi ya koma buga ƙwallo a filin makaranta. Ba wanda zai ce mace ta yi rashin kunya don ta shayar da mangwaro.

Da Sabiru ya zama saurayi ya shiga bin motocin hatsi daga Dawanau zuwa kudu. A wata tafiya motar ta kife da su, bai dawo ba. Mata suka yi ta yaba haƙurin Asama'u a wajen zaman gaisuwa, wai ko hawayenta ba a gani ba. Ba su bi ta bayan gida ba ne. Kullum da hantsi tana gindin mangwaron da faifanta, tana ɓarar gyaɗar da ba wanda yake jira. A gindin akwai wani ƙullutu mai kaushi, girman ƙwarya a kife, wanda ya fito tun ranar da Sabiru ya sari wajen da fartanya garin nome masa ciyawa. A kansa take ɗora faifan.

Mijinta Malam Iliyasu, mai koyar da karatun allo a zaure, mutum ne da maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali. Ya zo ya tsaya kusa da ita, ya dubi itacen, ya dubi fuskarta, sannan ya zaro waya ya kira ƙanenta Hadi.

Hadi yana da lambu a bakin ruwan Watari, sana'arsa yi wa itatuwa aure, wato ya ɗauko reshen mai kyau ya haɗa shi da gindin wani su zama itace guda. Gwani ne, ba mai musun wannan. Sai dai in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ka ji labarin shagon da ya sayi agogon da sunan mai shagon. Washegari da sassafe ya iso a kan babur, da kwali ɗaure a baya cike da ƙananan mangwarori a baƙaƙen ledoji, goma sha wani abu.

"Yaya, ki daina kallon gangar jikin nan, ba a nan aikin yake ba," in ji shi, tun bai gama kafe babur ɗin ba. "Itace ba kamar mutum ba ne. In dai reshensa da rai, shi ma da ransa. Allah ya so mu, ganyen bai yi yaushi ba."

Ya bi kan itacen yana zaɓen 'yan rassa masu kaurin fensir, yana yankowa yana nannaɗewa a jiƙaƙƙen buhu. Ya zauna a inuwar katanga, ya datse kan ɗan mangwaro ɗaya, ya tsaga shi, ya fiƙe reshen ta gefe biyu, ya cusa a tsagar, ya ɗaure tam da siririyar leda. Hannunsa yana aiki bakinsa yana aiki.

"Kin ga na ƙasan nan, bawa ne kawai, ɗiban ruwa zai riƙa yi. Abin da zai tashi a sama, shi ɗin ne dai. Ba ɗansa ba, ba jikansa ba, shi ɗin da kansa. Irin 'ya'yan da kika sani, su za ki sha."

A cikin duk surutun da Hadi ya yi a rayuwarsa, babu wanda ya shiga zuciyar yayarsa kamar wannan. Shi ɗin da kansa. Ta juya ta shiga gida wai za ta duba tukunya, alhali ko wuta ba a hura ba.

Da ya gama ya fara mayar da su cikin kwali zai tafi da su lambu, ta fito ta ce a'a.

"Yaya, can akwai rumfa, akwai ruwa, ga ni a kai."

"Nan ma akwai ruwa. A nan ya saba."

Ya dubi Malam Iliyasu neman agaji, Malam ya dubi tasbaharsa. Hadi ya sauke kwalin. Ya jera su a inuwar rumbu, ya ce a ba su ruwa a gindi kawai, kada a taɓa ɗaurin sai ya dawo. Da yamma masu zarto suka zo suka yayyanka babban itacen, aka raba wa maƙwabta na girki. Asama'u ba ta yarda ko guntu ɗaya ya shiga murhunta ba.

Washegari da hantsi ta fito da faifai kamar kullum, ta tsaya, babu inda za ta zauna. Sai ta je ta tsuguna gaban 'yan itatuwan. Rana ta fara zafi, ledar ɗaurin ta yi gumi ta ciki, kuma ta cikinta ana hango yankan, fari fat, ruwan jikin itacen yana tsattsafowa. Abin ya tsaya mata a rai. Ciwo ne ɗanye, an rufe shi da ledar da ake ƙulla gishiri. Ta tuna kakarta a Tofa, wadda in akuya ta ɓare wa itace ɓawo ko gatari ya kuskure, sai ta kwaɓa ƙasa ta shafe wajen, itacen kuma ya warke. Haka kowa ya taso ya gani. Hadi ɗan zamani ne, komai leda.

Kuma ba kowace ƙasa za ta ɗebo ba. Ta gangara cikin ramin da itacen ya bari, daidai inda gindin yake, inda ƙullutun nan ya zauna, ta ɗebo jar ƙasa mai laushi a ƙoƙo. Ƙasar da ya sani ce, ita ta riƙe shi tun yana ƙwallo, hannun yaron nan ne ya fara tona ta. Ta kwaɓa da ruwan rijiya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga bakin ledar a hankali, tana tura lakar da tsinken tsintsiya har ta kai ga yankan, tana mayar da ɗaurin yadda yake, tana yin bisimilla a kan kowanne. Ba ta taɓa shafa wa Sabiru magani a ciwo da hannunta ba, ko sau ɗaya. Ran nan ta yi aikin a natse, ba ta bar ko ɗaya ba.

Damina ta kankama. Ruwa ya wanke abin da ya fito fili na lakar, wanda ya rage Hadi ya gani ya ɗauka fantsalin ruwan sama ne. Biyu ko uku suka bushe, ya ce wannan ba komai, ko a lambu ana samun haka. Sauran suka kama. Ran da jajayen sababbin ganye suka ɓullo a kan rassan, masu laushi, suna rataye kamar kunnen ɗan akuya, Asama'u ta yi dariya har Malam Iliyasu ya leƙo daga zaure ya ga ko baƙi aka yi. Ta fara rabon su a baki tun ba su kai ko'ina ba: ɗaya a tsohon wajen, ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a bai wa masallaci, ɗaya na 'yarta Tahira ne in ta yi aure ta tafi da shi.

Ana cikin yankan gero ta lura da abin. A daidai mahaɗar, inda aka kwance ledar, wasu 'yan ƙuraje ne fari-fari masu laushi. Ta ce ƙila haka warkewar take. Kafin a kai dawa rumbu sun zama kamar ƙwallon goriba, sun yi duhu, sun yi kaushi, sun tsattsage. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, dukkansu. Hadi ya zo ya duba, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin irin wannan a aikinsa ba, ya sa wuƙa ya sheme su, ya fesa maganin ƙwari. Suka dawo, sun fi na da girma. Ganyen sama ya fara rawaya.

Tahira ce ta ce a ba ta ɗaya. Ita ce autar Asama'u, tana karatun ilimin halittu a kwalejin ilimi ta Bici, kuma tun da ta shiga babu abin da ya tsira daga bayani a gidan, har tsamin kokon safe sai da aka faɗa musu dalilinsa. Ta ɗauki wanda ya fi jin jiki ta kai wa malamarsu. Ran Asabar ta dawo, ta tarar da Hadi ya zo, suna zaune a tabarma gaban rumbu su uku, shi da iyayenta. Ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Inna, an gano. Ba tsutsa ba ce, ba kuma sammu ba ne. Wata ƙwayar cuta ce, bakteriya, ido ba ya ganinta, a cikin ƙasa take zaune. Tana iya shekaru tana jira. Lafiyayyen itace ba ta iya yi masa komai. Amma da zarar an ji masa ciwo, ruwan nan da yake fitowa, tana jin ƙanshinsa, sai ta biyo shi."

"To sai ta ci itacen," in ji Hadi.

"Ai da ci take yi da sauƙi, Kawu. Ka ga jikin itace ɗakuna ne ƙanana-ƙanana, kowane ɗaki akwai rubutu a cikinsa, shi yake gaya masa abin da zai zama, ganye ko saiwa, da lokacin da zai daina girma. Ita ba ta ma shiga ɗakin. Mannewa take yi a bango ta waje, ta huda 'yar kafa, ta yanko guntu daga nata rubutun ta tura ciki. Shi kuma itacen yana ta ƙoƙarin ɗinke ciwonsa, sai ya ɗinke har da guntun a cikin nasa."

Malam Iliyasu ya ɗago kai. Magana ta zo inda ya sani. "Ya karanta har da shi ke nan."

"Har da shi, Baba. Bai san ba nasa ba ne."

"Me aka rubuta a ciki?"

"Abu biyu. Na farko, ka yi ta hayayyafa kada ka tsaya, shi ne ƙullutun nan. Na biyu, ka riƙa dafa wani abinci wanda ba mai iya cinsa sai ita. Ta sa shi ya gina mata gida, ya kuma riƙa ciyar da ita, shi kuwa yana ganin aikin kansa yake yi."

Idon Tahira har ƙyalli yake. Yarinta ce, ba mugunta ba; ta samo abin mamaki ta manta a gidan wa take ba da labarinsa. Ta ci gaba da cewa masana sun daɗe da gane wannan dabarar, har sun mayar da ƙwayar 'yar aike. Sai su cire mugun guntun su sa wanda suke so, ita kuma ta kai shi cikin shuka. Waken nan da ake ta maganarsa a rediyo, wanda tsutsa ba ta ci, da ita aka yi shi. Malamarsu ma ta roƙi a bar mata ɗan itacen ta nuna wa 'yan aji, don ba kullum ake samun mai kyau haka ba.

"Mai kyau," in ji Asama'u.

Sai a lokacin Tahira ta dubi uwarta sosai. Ta sauke jakar a hankali ta zauna.

"Maganin fa?" in ji Asama'u.

"Inna, ko an kashe ƙwayar, rubutun ya riga ya shiga. Ya zama na itacen. Shi ya sa da Kawu ya yanke suka dawo." Muryarta ta yi ƙasa. "Babban itace yana iya rayuwa da shi. Amma waɗannan ƙanana ne, kuma a maƙogwaro ya kama su, inda ruwa yake bi ya hau."

Wata kaza ta zo ta leƙa ledojin, ba wanda ya kore ta.

"Abin da ya ɗaure wa malamarmu kai," in ji Tahira, "shi ne yadda ƙasa ta kai ga yankan. Ɗaurin yana sama, ƙasa tana ƙasa. Ta ce sai dai ko wuƙar da aka yi aikin da ita ce ta ɗauko daga wani wajen."

Hadi ya zaro wuƙar daga aljihu, ya buɗe ta, ya juya ta gaba da baya. Da ita yake ci da iyalinsa. Asama'u ta ga ya sunkuyar da kai, kamar yadda yake yi tun yana yaro in an ɗora masa laifi a gida.

"Tahira," ta ce, "irin ƙullutun nan, babba, a gindin tsohon itace. Shi ma ita ce?"

"Ita ce, Inna. Ƙasar wajen kuwa cike take da ita."

Asama'u ta dubi hannunta na dama. Ta ji sanyin lakar nan a yatsunta kamar yanzu ta kwaɓa ta.

"Mayar da wuƙarka, Hadi. Ba ita ba ce."

Ta faɗa musu, ba ta rage komai ba, har tsinken tsintsiyar. Ba ta yi kuka ba. Tahira ce ta yi, ta kifa kai a gwiwa tana cewa da ta sani da ba ta kai ba. Hadi ya buɗe baki zai ce ai ya hana a taɓa, ya dubi yayarsa, ya haɗiye. Malam Iliyasu ya ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, kuma niyyarta ta alheri ce. Gaskiya ya faɗa, ta kuma san gaskiya ce, amma ba ta rage mata komai ba. Abin da yake cinta shi ne ba sakaci ta yi ba. Da mantawa ta yi da su, da ta bar su ga leda da rana kamar yadda aka ce mata, da yanzu suna nan suna girma. Zuwan da ta yi ne ya kashe su.

Da rani suka riƙa tafiya ɗaya-ɗaya. Ganye ya yi rawaya, ya naɗe, ya zube, reshen ya yi baƙi daga sama ya gangaro. Ba ta daina ba su ruwa ba, har waɗanda kowa ya ga sun gama. Tahira ta ce malamarsu ta ce a ƙone matattun da ƙasar ledojinsu, kada abin ya bazu a gona. Malam Iliyasu ya kwashe su da kansa ya kai can ƙarshen gona ran da Asama'u ta tafi barka, don kada a yi a gabanta. Ta dawo ta ga gurbin ledojin a ƙasa, ta ɗauki tsintsiya ta share wajen.

Saura ɗaya. Shi ma ƙullutun ya kusa zagaye shi, amma can a samansa akwai ɗan tsiro kore da bai kai tsawon yatsa ba. Hadi ya zo ya tsuguna a gabansa ya daɗe.

"Yaya, akwai abu ɗaya. Tahira ta ce abin a mahaɗar yake, ƙila bai hau sama ba. In na yanke kan nan na ɗora shi a sabon gindi, wataƙila. Amma siriri ne ƙwarai, bai nuna ba, ga zafi ya taho. Ba lokacinsa ba ne. Ban yi miki alkawari ba."

"In an bar shi fa?"

"Ba zai ga damina ba."

"Yanke."

Ya wanke wuƙar da ruwan zafi, ya yanke, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce ko ya je ya ɗauko gindin ya zo ya yi aikin a nan, tunda ta fi son haka.

"A'a," ta ce. "Tafi da shi can. Kada ka bar shi kusa da ni."

Bazarar shekarar ta yi zafi irin wanda kaji suke buɗe baki a inuwa. Asama'u ba ta je lambun ba, ba ta kuma kira ba. In Malam ya yi waya da Hadi sai ta sami abin yi kusa da zaure, in ya gama ya ce, "Yana gaishe ki," ta ce tana amsawa. Ba ta tambaya, shi ma ba ya ƙarawa. Ta rame. A sallolinta tana roƙon abin da take jin kunyar a ji, wai Allah ya raya mata ɗan kara.

Bayan an yi shuka, gero ya fara rufe ƙasa, wata safiya ta ji ƙarar babur ɗin Hadi tun daga kan hanya. Ta san ba ranar zuwansa ba ce. Ta tashi da sauri ta cika buta a randa, ta fito da ita.

Ga shi kuwa ya shigo da baƙar leda a rungume, da ɗan mangwaro a ciki, kore shar, ganye shida ko bakwai, mahaɗarsa sumul babu ko ƙurji. Tahira tana bayansa, Malam ya taso daga zaure ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, ga shi. Allah ya yi. Na ce miki ai, hannun nan ba ya kunyata ni. Rumfa biyu na yi masa, ruwa safe da yamma, ko yarana ban bari sun je kusa ba, kin ga yadda ya yi, kin ga ganyen, nan da shekara uku in Allah ya kai mu..."

Yana magana yana kallon rumbu, yana kallon rijiya, yana kallon ko'ina ban da ita. Asama'u ta ajiye butar, ta tsuguna. Ba ta taɓa mahaɗar ba. Ta tsinki gefen ganye ɗaya, ta murza a yatsunta, ta kai hanci. Shekara ashirin da wani abu tana share ganyen wancan itacen tana ƙona shi, ta san ƙanshinsa kamar yadda ta san na ɗakinta. Wannan mangwaro ne mai kyau, irin wanda masu lambu suke sayarwa da tsada, amma ba ƙanshin wancan ba ne. Ta sake shinshinawa, don ta ba shi dama.

"Hadi."

Ya katse surutun.

"Yaushe ya bushe?"

Ya dubi Malam, Malam ya sunkuyar da kai. Tahira ta juya baya. Ashe duk sun sani.

"Tun kafin ruwan farko, Yaya," in ji Hadi. "Ya yi kamar zai kama. Har idon tsiron ya kumbura. Sai zafin nan ya zo. Wallahi na yi iya yina."

"Na sani. Ina yake?"

"Wa?"

"Shi ɗin. Busasshen."

"Yaya, kara ne fa kawai, bai kai yatsa ba. Na zubar a bola da sauran shara, an ƙone."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta goge yatsunta a zane.

"Da ka kawo mini shi a bushensa," ta ce. "Shi ma yaron nan a can bakin hanya aka binne shi. Ko hularsa ba a kawo mini ba. Cewa kawai aka yi ya rasu."

Nan ne kukan ya zo mata, a tsakar gida, da safiyar nan, a gaban mijinta da ƙanenta da 'yarta, kuka mai sauti irin wanda ba ta yi ba ran da aka kawo labarin. Ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Hadi ya durƙusa da ledar a hannu ya rasa yadda zai yi da ita.

Da ta lafa ta share fuska da bakin zane, ta ce ya kai shi ƙofar zaure ya dasa, yaran makaranta sa sha, itace ne mai kyau, an gode. Hadi ya fita da shi, Malam ya bi shi da fartanya, Tahira ta shige ɗaki. Asama'u ta sunkuya ta ɗauki butar da ta cika, ta nufi bayan gida. A bakin ƙofar baya ta tsaya. An riga an cike ramin, an yi kunyoyi a kai, gero ya tsiro a jere har bakin katanga. Ta daɗe a tsaye da butar a hannu tana duban inda za ta zuba.